Shin Sai An Ɗaure Sabon Dashe Da Sanda Kafin Ya Tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni malama ce a wata makarantar firamare, kuma ni aka ɗora wa kula da dashen itatuwa na bana. A farkon Yuli mun dasa guda 40: darbejiya 25 'yan ƙanana da ba su wuce gwiwa ba, mangwaro mai aure 10, sai bishiyar lema 5 da muka saya a bakin titi, sun fi ni tsawo amma sirara ne. Hedimasta ya ce a sayo sanduna a ɗaure kowace ɗaya, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da ya rage mana kaɗan ne, makarantar kuma ba katanga. Shin ɗaurin nan dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka muku da alheri, ya raya dashen, ya sa yaran da suka ɗebo ruwan su sha inuwar.

Ba dole ba ne. Darbejiyar nan 25 kada a ɗaure ko ɗaya. Mangwaron 10 'yar siririyar sanda ta ishe su, ita ma na 'yan watanni. Bishiyar lemar nan 5 su ne kawai nake zaton za su bukaci turke na sosai, kuma zan gaya miki yadda za ki gwada ki tabbatar kafin ki sayi ko sanda ɗaya. Ragowar kuɗin a zuba shi a keji. Makarantar da ba katanga, akuya za ta riga iska isa wurin dashen.

Maganar Hedimasta ba ta banza ba ce, kuma don Allah ki kai masa wannan bayani cikin ladabi, domin kishin dashen ne ya sa shi faɗa. Gaskiya ne gyaran siffar bishiya tun tana ƙarama ake yi. Inda aka samu kuskure shi ne zaton da yawancinmu muke yi cewa iska abokiyar gabar ƙaramar bishiya ce, sanda kuma ita ce gatanta. Na yi shekaru masu yawa a aikin gandun daji da renon tsirrai, kuma abin da idona ya gani shi ne, bishiyar da ta tashi tana rangaji da iska ita ce mai ƙwari.

Ga yadda abin yake. Tsakanin ɓawon bishiya da itacen cikinta akwai wani siririn shimfiɗi mai danshi, wanda in kin ɓare ɗanyen reshe da damina za ki ji shi da santsi a yatsa. Nan ne ake ƙera sabon itace, wato daga nan kauri yake zuwa. Duk lokacin da iska ta lanƙwasa kara, gefe ɗaya yana miƙewa, ɗayan yana matsewa, kuma wannan shimfiɗin yana jin haka. Sai ya ƙara yawan itacen da yake sakawa a daidai inda lanƙwasar ta fi tsanani, galibi can ƙasa kusa da gindi. A lokaci guda bishiyar tana rage saurin tsawo, tana tura abinci ga saiwa. Shi ya sa gawon da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar gona za ki gan shi da faffaɗan gindi yana sirancewa zuwa sama, alhali turaren da aka dasa a cunkushe yake tashi zarara kamar gora, kaurin ƙasa da na sama kusan ɗaya. Wannan sirancewar daga ƙasa zuwa sama ita ce ƙarfin bishiya, domin tana raba nauyin iska a duk tsawon karan maimakon ya taru wuri ɗaya.

To idan aka manna bishiya jikin sanda aka ɗaure ta tamau daga ƙasa har sama, an raba ta da wannan saƙon. Ba ta jin motsi, don haka abincin da za ta yi kauri da shi sai ta yi tsawo da shi. Mai shi yana murna dashensa ya fi na maƙwabci tsawo. Ranar da aka kwance, ko gara ta cinye sandar, sai a wayi gari bishiya ta sunkuya kanta na taɓa ƙasa.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1803 wani manomi mai bincike a Ingila, Thomas Andrew Knight, ya gwada a kan 'yan itatuwan tuffa. Ya ɗaure ƙasan karansu yadda ba zai motsa ba, ya bar saman yana kaɗawa. Da ya duba, inda ke motsi ya tara sabon itace mai yawa, inda aka ɗaure da saiwar kuwa da ƙyar suka ƙaru. Akwai guda da ya ɗaure yadda ba za ta iya kaɗawa ba sai kudu da arewa kawai, sai karan ya fi kauri ta wannan fuskar, 13 a kan 11 in an gwada da gabas da yamma. Ki duba wannan da kyau, Malama: bishiyar ta san ta inda ake lanƙwasa ta, kuma can ta kai ƙarfinta. A 1954 wani masanin daji a Ostareliya, M. R. Jacobs, ya ba da rahoton irin wannan gwajin da manyan itatuwan katako da ya ɗaɗɗaure da wayoyi don kada su yi rangaji. Ƙasan karansu bai yi kauri kamar na waɗanda aka bari ba, kuma da aka kwance su, iskar da 'yan'uwansu ke jurewa ta fi ƙarfinsu. Sannan a 1971, a Kalifoniya ta Amurka, Neel da Harris suka riƙa girgiza wasu 'yan itatuwa na daƙiƙa 30 kacal kowace rana. Ƙarin tsawon da suka yi bai kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ba a taɓa ba. Rabin minti a yini ya isa ya sauya yadda bishiya take gina jikinta.

Sai dai fa kada a ji haka a ce yara su je su riƙa jijjiga dashe. Akwai motsi iri biyu, kuma duk amsar tambayarki a kan rarrabe su take. Motsin kara daga sama alheri ne. Motsin dunƙulen ƙasar da saiwa take ciki kuwa illa ce. Sabon dashe yana fitar da saiwoyi sirara kamar gashi daga ƙasar leda zuwa ƙasar ramin, kuma su ne masu shan ruwa. In dunƙulen yana gyangyaɗi duk lokacin da iska ta kaɗa, waɗannan saiwoyin suna tsinkewa tun kafin su kama. Za ki ga wani ɗan rami ya buɗe kewaye da gindin, ruwa yana kwanciya ciki, daga nan sai ruɓa. Amfanin turke na gaskiya ke nan: ya riƙe gindi har saiwa ta kama, ya bar sama ta yi harkarta da iska.

Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Washegarin ruwan sama, lokacin da ƙasa take da taushi, ki bi dashen ɗaya bayan ɗaya. Ki kama karan a tsakiya ki ɗan tura shi gaba da baya a hankali, idonki a ƙasa. In karan ne kawai yake lanƙwasa ya dawo ya miƙe, ƙasar gindin ba ta ɗaga ba, ki wuce, wannan ba ruwansa da sanda. In kin ga ƙasa tana ɗagawa ko tana tsagewa, fara da sa ƙafa ki danne kewayen, ki ƙara ƙasa in ta lotsa. Sau da yawa dannewar nan kaɗai ta wadatar, domin yara in suna dashe ba sa danne rami sosai. Wanda aka danne kuma bai daina gyangyaɗi ba, ko wanda in an sake shi ba ya iya miƙewa da kansa, shi ne mai bukatar turke.

Darbejiya mai tsawon gwiwa ba ta da ganyen da iska za ta kama har ta tumɓuke ta. Ita ma bishiya ce mai tura saiwa can ƙasa da wuri. A manyan ayyukan dashe da tsirrai irin wannan girman ake amfani, santimita 30 zuwa 60, kuma ba a bin dubban tsirrai da sanda. Ki ɗauki kwarin Majiya da ke yankin Buza a jihar Tawa ta Nijar, inda tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi biyu-biyu don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Wuri ne da iska ce ma ta sa aka yi aikin. Amma abin da ya zame musu dole shi ne sa masu gadi su hana dabbobi cin dashen har ya fi ƙarfin bakinsu. Haka yake a ko'ina a ƙasar nan tamu: abin da ke kashe dashe a shekarar farko baki ne da ƙishi da gara. Ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara ana dashen itace a duk faɗin Nijar, mu ma a nan kowace damina ana ƙaddamar da dashe, kuma wanda ya koma wuraren da rani ya san yawanci ba iska ce ta kwashe su ba.

Shi ya sa nake cewa a yi keji. Kuma yin kejin ma da ƙa'ida, don na sha ganin keji ya jawo matsalar da ake gudu. In aka kifa wa tsiro ganga, ko aka gina masa bulo ba ƙofofi, ko aka naɗe ƙirare da buhu har haske bai shiga sai ta sama, tsiron zai miƙe yana neman rana, ba iska ba motsi, ya fito ta saman kejin dogo siriri kamar tsinke. Ranar da aka cire kejin sai ya kwanta. Keji mai kyau faɗinsa ya kai mita ɗaya, tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi, kuma haske da iska suna ratsa shi ta ko'ina. In da hali, wayar raga a kan turaku huɗu. In babu, ƙirare da ƙayar magarya ko ta bagaruwa suna yi, sai dai a riƙa sabunta su. In bulo za a jera, a bar tazara tsakaninsu. In darbejiyar a layi kuka dasa ko kusa da juna, ki duba ko shinge ɗaya da zai kewaye su gaba ɗaya zai fi arha a kan keji 25. Wani amfanin turakun keji a makaranta shi ne kare dashen daga ƙwallo da guje-gujen yara, domin abin da ido ya gani ƙafa tana kauce masa.

Wani abu da ke tafiya tare da wannan: kada a yi gaggawar sassabe ƙananan rassan ƙasa. Mun saba da zarar dashe ya fara tashi sai a bi shi da wuƙa a share ƙasan don ya yi tsawo. Waɗannan 'yan rassan su ne suke ciyar da ƙasan kara har ya yi kauri, kuma suna yi masa inuwa daga zafin rana. A bar su shekara ɗaya ko biyu. In wani ya yi tsawo yana neman yin gasa da kan bishiyar, a datse bakinsa kawai. Haka takin zamani, musamman yuriya: in ya yi yawa a shekarar farko, ganye da tsawo yake kawowa a kan kara mai laushi.

Mangwaro mai aure hukuncinsa daban, kuma dalilin ba saiwa ba ne, mahaɗar ce. Inda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin na gida, wurin yana ɗaukar lokaci kafin naman itacen biyu ya zama ɗaya. Iska mai ƙarfi, ko tsuntsu babba da ya sauka, ko yaro da ya gifta da gudu, na iya ɓalle shi a daidai nan, kuma in ya ɓalle an yi asarar auren, abin da zai toho daga ƙasa na gida ne. Don haka a samu 'yar sanda mai kaurin yatsa, tsagin gora ya isa, a soke ta kamar faɗin tafin hannu daga karan, a hankali don kada a huda saiwa. A ɗaura sau biyu, ɗaya ƙasa da mahaɗar ɗaya sama da ita, sako-sako. Wannan ba sai an kashe kuɗi ba. Ki kuma duba ledar da mai reno ya naɗe mahaɗar da ita. In wurin ya warke, sabon toho ya yi ganye ya ƙosa, a tsaga ledar da reza a cire, domin ba ta ruɓewa kuma tana shaƙe kara yadda waya take yi. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa a murje shi da yatsa tun yana ƙarami. Sannan mai aure yakan yi fure tun yana ɗan ƙarami, kuma na san yara da malamai za su so ganin ɗan fari. A daure a cire furen shekara biyun farko. Nauyin 'ya'ya biyu ko uku a kan kara mai kaurin yatsa yana karkatar da shi, ya kuma tsotse abincin da zai gina jiki da shi.

Yanzu ga 'yan biyar ɗin nan. Bishiyar da ta fi mutum tsawo amma tana cikin leda mai girman kwanon awo, an riga an yi mata illa tun a wurin reno. An jera su a matse, kowace tana tsere da 'yar'uwarta zuwa haske, ba wadda ta taɓa tsayuwa ita kaɗai. Sama ta yi yawa, saiwa ta yi kaɗan. Masu saye suna son doguwa don suna ganin an rage musu jira, amma in aka dasa gajere mai kauri da dogo siriri rana ɗaya, galibi cikin shekara biyu ko uku gajeren yake kamo shi ya wuce. In za ku ƙara saye baɗi, ki zaɓi wanda ya tsaya da kansa ba sanda, mai kaurin gindi. Waɗannan dai an riga an saya, sai a taimake su.

Turke biyu ake kafa wa kowace. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa ita ce mai kayar da itace. To sai a kafa turke ɗaya a kudu ɗaya a arewa, bishiyar a tsakiya, yadda in iskar ta taso za ta kaɗa tsakaninsu ba ta bugi ko ɗaya ba. A kafa su a wajen ramin dashen, cikin ƙasar da ba a tona ba, kamar kamu ɗaya daga karan, a buga su su nutse aƙalla rabin mita. Turken da aka soka cikin ƙasar rami mai laushi, in marka ta zauna tare da bishiyar zai kwanta. In turke ɗaya kawai ake da shi, a sa shi ta gabas, don iska ta riƙa janye bishiyar daga jikinsa maimakon ta goga ta a kai.

A ina za a ɗaura? Nan ne aka fi kuskure, domin an fi ɗaurawa can sama kusa da ganye. Ki kama karan daga ƙasa da hannu ɗaya, ki riƙa zamewa sama a hankali har ki iso inda in kin riƙe, kan bishiyar yake miƙewa da kansa. Ki ƙara kamar santimita 15 a kan wurin, nan ne maɗaurin. Wuri ɗaya tak, ba biyu ba uku ba. In karan yana iya tsayuwa, gindin ne kawai yake motsi, to a ɗaura ƙasa sosai, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar. Abin da ya yi saura na turke sama da ɗaurin a yanke shi, in ba haka ba shi ne zai riƙa gurje rassa. Bayan an gama, ki tura karan da hannu: ya kamata ya iya motsawa kamar faɗin yatsu biyu ko uku kowane gefe.

Abin ɗaurin ya fi turken muhimmanci, kuma a kansa nake so ki fi tsanantawa. Kada a sa waya. Kada a sa igiyar leda irin ta shanya, ko zaren buhu. Abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, a wani siririn layi da bai fi kaurin farce ba. Bishiya tana ƙara kauri, waya ba ta buɗewa. Sai ta nutse cikin ɓawon, ta datse hanyar abincin. Alamar ita ce ki ga saman ɗaurin ya kumbura ya fi ƙasan kauri. Saiwa tana yunwa a hankali, kuma wurin ya zama makaryar bishiyar har abada. Na taɓa bin wani layin madaci da aka dasa a bakin wata hanya, an ɗaure kowanne da wayar gini a jikin rodi, aka yi biki aka watse, ba wanda ya sake waiwaya. Bayan damina uku na koma. Wayar ta ɓace cikin naman itacen, kuma waɗanda iska ta karya duk a daidai wurin suka karye, kamar an sa zarto. Itatuwa ne da suka tsallake akuya da rani uku, abin da aka sa don ya taimake su ya kashe su. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai.

Abin da ya dace shi ne mai faɗi, mai laushi, mai ɗan miƙewa. Tsohon tub na babur ko na keke, a tsaga shi faɗin yatsu biyu ko uku, ba abin da ya kai shi a wurinmu, kuma mai faci zai ba ki kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tsumman atamfa ma yana yi, har ya fi ta wani gefen domin yana ruɓewa da kansa in an manta. A zagaya karan, a gicciya, sannan a ɗaure a jikin turke, kamar lamba 8 a kwance, yadda gicciyen zai shiga tsakanin kara da turke. Kullin a jikin turke yake, ba a jikin bishiya ba.

Turken kansa kowane busasshen icce mai ƙwari ya yi. Kada a yanko ɗanyen reshen cediya, ko zogale, ko aduruku, ko dashi, domin waɗannan da damina suna kamawa su yi saiwa, sai a wayi gari turke yana rabon ruwa da dashe. Gara za ta ci busasshen, wannan babu makawa, amma aikin na 'yan watanni ne. A ɗan babbaka ƙasansa a wuta kafin a kafa yana ƙara masa kwana. Kada a shafa baƙin mai, guba ne ga saiwa. Abin lura dai shi ne in gara ta cinye ƙasan turke, ya zama shi ne yake rataye a jikin bishiyar yana janta, don haka a riƙa girgiza shi ana ji. Rodi ba ya jin gara, amma da bazara yana ɗaukar zafin da zai ƙona ɓawo in ya taɓa, kuma a filin da yara ke gudu tsinin ƙarfe hatsari ne. Ni ba zan sa shi a makaranta ba.

Akwai wata matsalar da turke ba ya magani, kuma ina jin tsoronta ga 'yan biyar ɗin. Tsiron da ya daɗe a leda, saiwarsa in ta iso ƙasan ledar sai ta riƙa zagayawa tana naɗewa kamar gammo. In aka dasa shi haka, saiwar ba ta warwarewa da kanta. Bishiyar za ta yi shekaru tana girma a kan gammon, sannan wata rana iska ta tumɓuke ta gaba ɗaya, a ga ƙasan dunƙule kamar tulu. Maganin tun ranar dashe ne: a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi kamar kaurin yatsa, har da saiwar da ta naɗe, a tsaga gefe a cire ledar duka, a warware saiwoyin da suka zagaye. Ki tambayi waɗanda suka dasa ko an yi haka, kuma ko an cire ledar ma, domin na sha tono dashen da ya ƙi gaba in tarar da shi cikin ledarsa. In ba a yi ba, tunda dashen bai wuce 'yan makonni ba kuma damina na tsakiya, gara a tone da yamma a gyara a mayar, a ba shi ruwa sosai. Ki duba zurfin kuma: inda kara ya fara buɗewa ya zama saiwa ya kamata ya yi daidai da fuskar ƙasa. Binne wuyan bishiya don ta tsaya da kyau dabara ce da ke ruɓar da ita.

Don kada wani ya kawo miki misalin da zai rikita ki: ayaba ana tokare ta da gwafa in ta yi nono, amma ita ba itace ba ce, ganye ne naɗe, kuma nauyin 'ya'ya ake tallafa. Babban dabino ko kwakwar ado da aka ciro aka sake dasawa ana tokare shi ta gefe uku na watanni, domin an datse saiwarsa kuma kansa da nauyi. Tuffa da aka aura a kan gindi mai gajarta bishiya, irin wanda ake kira M9, tana bukatar madogara muddin ranta, saboda saiwar gindin mai rauni ce. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi abin da kuka dasa. Haka kuma bishiyar da ta karkata don tana gefen gini tana neman rana, ko an ɗaure ta sabon tohon can zai nufa.

Maganar kwancewa a yanke ta tun ranar ɗauri, a rubuta a littafin makaranta. Shawarata ita ce da kaka, ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, bayan hadari ya ɗauke. Dalilina shi ne bishiyar za ta samu watanni tana kokawa da iskar hunturu, wadda take kaɗawa kullum amma ba ta cika kayar da itace ba, ƙasa kuma a bushe take ta riƙe gindi. Kafin guguwar farkon damina ta Mayu da Yuni ta iso, ta yi ƙwari, muddin ana ba ta ruwa da rani. Mafi munin lokacin kwancewa shi ne bakin damina. Ranar da za a kwance, a sake gwajin nan na turawa. Wadda ta tsaya, a cire turken gaba ɗaya har da robar. Wadda ta sunkuya, a mayar da ɗaurin amma a sauko da shi ƙasa kaɗan, a ƙara sassautawa, in kanta ya yi nauyi a rage tsawon rassan. Sandar mangwaro ma a lokacin za a cire. Wadda kuwa ta ga ƙarshen damina ta biyu ba ta iya tsayuwa da kanta ba, ciwon a saiwa yake, a tone ta a sa wata.

In hadari ya kwantar da wata kafin nan, kada a fizge ta a miƙar da ƙarfi. A yi abin a ranar ko washegari tun ƙasa na da danshi: a ɗan tone gefen da saiwa ta ɗago, a tayar da ita a hankali, a mayar da ƙasa a danne, a kafa mata turke biyu, a ba ta ruwa.

Abu ɗaya da ya rage, kuma ya shafi makaranta musamman: dogon hutu yana faɗawa daidai tsakiyar marka, lokacin da dashe ya fi saurin kauri kuma ƙasa ta fi laushi. Robar da kika ɗaura sako-sako a Yuli tana iya matsewa kafin a dawo a Satumba. Kafin a tashi hutu ki zagaya da maigadi, ko wani malami da ke zaune kusa, ki nuna masa 'yan biyar ɗin da mangwaron. Bayan kowane ruwa mai iska ya leƙa, ya sa yatsa tsakanin roba da kara. In yatsan bai shiga ba, ya sassauta.